Shin ra'ayin siyasar ɗalibi yana rage masa maki? Tambayoyi da amsoshi kan muhawarar jami'o'in Amurka

Fiye da shekara ashirin ke nan ana ja-in-ja a Amurka kan zargin cewa malaman jami'a suna danne makin ɗaliban da ra'ayinsu na siyasa ya saɓa da nasu. Maganar ta shiga majalisun dokoki na jihohi, ta shiga jaridu, masana kuma sun yi ta gwada ta da alƙaluma. Na tattara tambayoyin da aka fi yi a kanta, musamman daga iyayen da 'ya'yansu ke karatu a can da malaman da ke duba takardun ɗalibai, na amsa su gwargwadon abin da bincike ya tabbatar da abin da na gani a aikin koyarwa.

Mene ne ainihin zargin da ake yi?

Zargin shi ne ɗalibi zai rubuta jinga ko amsar jarrabawa a kan batun da jama'a suka rabu a kansa, kamar zubar da ciki, mallakar bindiga, haraji ko shige da ficen baƙi, sai malamin da ke duba aikin ya ba shi maki ƙasa da wanda ya cancanta saboda kawai matsayar da ya ɗauka ba ta yi wa malamin daɗi ba. Galibin masu wannan kuka ɗalibai ne masu ra'ayin riƙau, waɗanda suka fi karkata ga jam'iyyar Republican, kuma waɗanda ake zargi malamai ne masu sassaucin ra'ayi da suka fi kusa da jam'iyyar Democrat. Ba a cika jin wannan ƙorafi a darasin lissafi ko kimiyyar sinadarai ba, domin a can amsa ko dai daidai ce ko kuskure. Inda ake jin sa shi ne kimiyyar siyasa, tarihi, nazarin zamantakewa, falsafa da adabi, wato fannonin da ɗalibi ke rubuta dogon bayani, malami kuma ya auna shi da hankalinsa.

Me ya sa aka fi zargin malamai masu sassaucin ra'ayi?

Saboda su suka fi yawa, kuma wannan ba abin musu ba ne. Wani bincike da Neil Gross da Solon Simmons suka gudanar a kan malaman jami'o'in Amurka a 2006 ya nuna kusan kashi 44 cikin ɗari masu sassaucin ra'ayi ne, kusan kashi 46 'yan tsaka-tsaki, masu ra'ayin riƙau kuwa kashi 9 kacal. A 2018 Mitchell Langbert ya duba rajistar zaɓe ta malamai a manyan kwalejoji 51, ya tarar cewa duk inda aka sami ɗan Republican ɗaya akwai 'yan Democrat sama da goma, kuma giɓin ya fi faɗi a fannonin adabi da zamantakewa fiye da injiniyanci da tattalin arziki.

Ruwa ba ya tsami banza. Ɗalibin da ya fito daga gidan da ake zuwa coci kowace Lahadi ana kuma zaɓen Republican, idan ya shiga aji ya ji yadda malami ke magana a kan shugaban da iyayensa suka zaɓa, yana da dalilin da zai sa ya yi ɗar-ɗar. Sai dai yawan malamai masu ra'ayi ɗaya abu ne daban, zaluntar ɗalibi wajen ba da maki kuma abu ne daban, na biyun yana buƙatar hujjarsa ta kansa.

Yaushe maganar ta zama rigimar ƙasa?

Ta ɗauki zafi ne a 2003, lokacin da marubucin nan mai ra'ayin riƙau David Horowitz ya fito da wani daftari na haƙƙoƙin ɗalibai da malamai, ya kuma kafa ƙungiyar ɗalibai da ke tattara ƙorafe-ƙorafe daga jami'o'i. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan daftarin shi ne a ba ɗalibi maki bisa iliminsa da hujjarsa kaɗai, ba bisa aƙidarsa ta siyasa ko ta addini ba. An gabatar da ƙudurori irin wannan a majalisun jihohi da dama. Jihar Pennsylvania ce ta fi nisa da batun, inda majalisar wakilanta ta kafa kwamiti a 2005 ya zagaya yana sauraron shaidu daga ɗalibai, malamai da shugabannin jami'o'i. Da kwamitin ya miƙa rahotonsa a ƙarshen 2006, ya ce tauye 'yancin ɗalibai ta wannan fuska abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma babu buƙatar sabuwar doka, amma ya shawarci jami'o'i su gyara hanyoyin karɓar ƙorafi su kuma sanar da ɗalibai cewa hanyoyin suna nan.

Akwai wani labari na wancan lokaci da ya kamata a tuna. An yi ta yaɗa cewa a wata jami'a a jihar Colorado an umarci ɗalibai su bayyana dalilin da ya sa Shugaba George W. Bush ya zama mai laifin yaƙi, kuma an kayar da ɗalibar da ta ƙi bin wannan layi. Da 'yan jarida suka bi diddigi a 2005, jami'ar ta bayyana cewa ba haka aka rubuta tambayar ba, ɗalibar ba ta faɗi ba, malamin kuma shi kansa ɗan Republican ne. Horowitz ya amsa cewa an yi kuskure a wasu bayanan. Ban kawo wannan don in ƙaryata duk mai ƙorafi ba. Na kawo shi ne domin irin waɗannan labarai suna yawo da sauri fiye da takardar jarrabawar da za ta warware su.

To me bincike ya gano game da makin kansa?

A nan ya kamata a tsaya a nutsu, domin sakamakon bai yi wa kowane ɓangare daɗi gaba ɗaya ba.

A 2005 Markus Kemmelmeier da abokan aikinsa suka wallafa nazarin da suka bi ɗalibai kusan 4,000 a wata babbar jami'ar gwamnati tsawon shekara huɗu. A fannonin da aka fi zargi, irin su nazarin zamantakewa da nazarin al'adu, ba su ga wata alaƙa tsakanin ra'ayin siyasar ɗalibi da makinsa ba. Inda suka ga ɗan bambanci shi ne kasuwanci da tattalin arziki, kuma a can masu ra'ayin riƙau ne suka ɗan fi samun maki.

A 2015 Paul Musgrave da Mark Rom suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka shirya. An bai wa mataimakan malamai, waɗanda aka san jam'iyyar da kowannensu ya karkata gare ta, rubuce-rubucen ɗalibai masu ɗauke da matsayar siyasa domin su ba da maki. Ba a sami shaidar cewa mai dubawa yana fifita rubutun da ya dace da jam'iyyarsa ba.

A 2019 kuma Matthew Woessner da Robert Maranto da Amanda Thompson suka yi amfani da bayanan ɗalibai sama da 7,000 daga jami'o'i daban-daban. Sun ga cewa masu ra'ayin riƙau sun fi samun maki a sakandare, a jami'a kuma masu sassaucin ra'ayi sun ɗan sha gabansu, amma tazarar ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Abin da ya ƙara wa wannan sakamako nauyi a wurina shi ne Woessner ya daɗe da bayyana cewa shi mai ra'ayin riƙau ne, kuma ya rubuta cewa da ya fara irin wannan bincike yana zaton zai tarar da zalunci mai yawa, sai alƙaluman suka nuna masa akasin haka.

Saboda haka hukuncin da nake ganin ya dace shi ne, danne maki saboda siyasa yana iya faruwa ga ɗalibi ɗaya a hannun malami ɗaya, amma babu shaidar cewa ya zama ruwan dare a jami'o'in Amurka.

Ke nan siyasar malami ba ta taɓa makin da yake bayarwa ko kaɗan?

Tana taɓawa, sai dai ta wata ƙofa da mutane ba su zata ba. Talia Bar da Asaf Zussman sun duba dubban sakamakon ɗalibai a wata fitacciyar jami'a tsakanin 2000 da 2004, suka haɗa da rajistar jam'iyyar malaman, suka wallafa a 2012. Sun gano malamai 'yan Republican sun fi buɗe tazara, wato suna ba da maki mai yawa ga waɗanda suka yi fice, maki kaɗan ga waɗanda suka gaza, alhali 'yan Democrat sun fi tara ɗalibai a tsakiya. Sun kuma gano ɗalibai baƙaƙen fata suna samun maki ƙasa da na farare a wurin ɓangarorin biyu, amma giɓin ya fi girma a azuzuwan 'yan Republican. Masu binciken ba su iya tantance wane ɓangare ne ya kauce wa daidai ba, kuma 'yan Republican ɗin da ke cikin nazarin ba su da yawa, don haka bai kamata a gina babban hukunci a kansa ba. Abin da ya nuna shi ne yadda mutum yake kallon daidaito da gasa a rayuwa yana bin sa har teburin duba takardu.

Idan malami bai yi niyyar zalunci ba, ta yaya son rai zai shiga?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin na ga amsarta a kaina. Bayan cire tallafin man fetur a Nijeriya a 2023, na ba ɗalibai jinga su tattauna matakin. Ni ina cikin waɗanda ba su gamsu da yadda aka yi shi ba. Da dare ina zaune da tulin takardu da jan biro, na bi ta kan rubutu shida ko bakwai masu sukar matakin, ina karantawa ina gyaɗa kai, ban tsaya na tambayi ko ɗaya daga ina ya samo alƙalumansa ba. Sai na zo kan wata takarda da ta kare cire tallafin. Nan take karatuna ya canza. Na fara ja wa jimloli layi, ina rubuta "ina hujja?" a gefe, har kuskuren waƙafi na kama. Na ba ta 11 cikin 20. Da na ɗaga takardar da ke ƙarƙashinta, wadda na ba 14, na ga hujjojinta ba su kai na wannan ƙarfi ba, illa dai sun yi daidai da abin da ke raina. Na ajiye aikin gaba ɗaya, da safe na sake bin takardun da tsarin rabon maki a gabana, takardar da ta kare cire tallafin ta koma 15.

Ban ƙi ɗalibin ba, ban ma san ko wane ne ba a lokacin. Abin da ya faru shi ne hujjar da mutum ya yarda da ita tana wuce shi ba tare da ya bincike ta ba, wadda bai yarda da ita ba kuwa sai ya tsare ta a ƙofa ya caje ta. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan. An kuma nuna cewa abin da malami ya riga ya sani game da ɗalibi yana shafar makinsa. John Malouff da abokansa a Ostareliya sun nuna a 2013 cewa masu duba takarda sun fi ba da maki ga rubutu iri ɗaya idan sun riga sun ga ɗalibin ya yi jawabi mai kyau. A Indiya kuma Rema Hanna da Leigh Linden sun nuna a 2012 cewa malamai sun rage maki ga takardun da aka liƙa wa bayanan yaran da ake ɗauka 'yan ƙasƙantaccen asali ne a tsarin rabon al'umma na Indiya, duk da cewa an raba bayanan ne ba tare da la'akari da wanda ya rubuta takardar ba. Malamin da ya rantse cewa shi wannan ba ya kama shi, shi ne ya fi cancanta a sa masa ido.

In dai bincike bai ga zalunci mai yawa ba, me ya sa ɗalibai suke tsoro?

Tsoron gaskiya ne, kuma yana da illarsa ko da ba a taɓa makin kowa ba. A binciken jin ra'ayi na Gallup da Gidauniyar Knight, kashi 54 cikin ɗari na ɗalibai a 2016 sun ce yanayin jami'arsu yana hana wasu faɗin abin da ke ransu, a 2017 adadin ya hau zuwa kashi 61. Wani nazari da malamai uku suka fitar a Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill a 2020 ya ƙara haske: yawancin ɗalibai sun ce malamansu suna ba kowane ɓangare dama, kuma abin da suka fi tsoro shi ne yadda 'yan uwansu ɗalibai za su ɗauke su.

Akwai kuma wani giɓi a binciken maki da ya kamata a faɗa da gaskiya. Idan ɗalibi ya lura da ra'ayin malaminsa ya rubuta masa abin da yake so ya ji, zai sami makinsa cif, alƙaluma kuma za su nuna babu bambanci, alhali an yi asara babba, domin an koya wa matashi cewa hanyar cin jarrabawa ita ce ɓoye tunaninsa.

Shin ɗalibi yana da 'yancin rubuta duk abin da ya yarda da shi a ba shi maki?

A'a. Sanarwar haɗin gwiwa kan haƙƙoƙin ɗalibai ta 1967, wadda ƙungiyar malaman jami'o'in Amurka ta AAUP ke cikin waɗanda suka tsara ta, ta haɗa abu biyu a wuri ɗaya. Ta ce a auna ɗalibi da ma'aunin ilimi kaɗai, kuma yana da damar ya saɓa wa ra'ayin da aka koyar cikin hujja. Ta kuma ce nauyi ne a kansa ya koyi abin da kwas ɗin ya ƙunsa. Wanda aka ce ya bayyana ka'idar Karl Marx kan jari da ƙwadago dole ya bayyana ta daidai ko da yana ƙinta, haka wanda aka ce ya bayyana hujjojin Milton Friedman kan sakin kasuwa.

A ƙarshen 2025 wannan iyaka ta jawo babbar rigima a Jami'ar Oklahoma, inda wata ɗaliba ta sami sifili a jingar darasin halayyar ɗan Adam kan batun jinsi bayan ta kafa hujja da Littafi Mai Tsarki. Mai koyarwar ta ce rubutun bai amsa tambayar da hujjar bincike ba, ɗalibar ta ce an nuna mata bambancin addini, jami'ar kuma ta janye mai koyarwar daga aji. Mai karatu Musulmi ko Kirista zai ji wannan labari a jikinsa. Shawarar da nake ba ɗalibi mai addini ita ce ya fara cika abin da aka tambaye shi, ya nuna ya karanta ya fahimta, sannan ya kawo saɓaninsa a fili da hujja. Malami kuma ya sani sifili hukunci ne na wanda bai yi aiki ba ko ya yi sata, kuma wanda zai ba da shi ga rubutun da ya saɓa wa ra'ayinsa ya kamata ya nemi wani ya sake dubawa tun kafin ya sa hannu.

Me ya sa ba za a kafa doka kawai a hukunta malamai ba?

An gwada hanyoyi masu kama da haka. A 2016 ƙungiyar Turning Point USA mai ra'ayin riƙau ta buɗe shafin intanet mai jera sunayen malaman da take zargi. A 2021 jihar Florida ta yi dokar da ta ba ɗalibai damar naɗar lacca domin kafa hujjar ƙorafi, a 2024 kuma jihar Indiana ta ɗaura tabbatar da malami a aiki da ƙarin girmansa a kan ko yana kawo mabambantan ra'ayoyi a aji. Ban gamsu da wannan hanya ba. Malamin da ya san ana naɗar muryarsa ana jiran ya yi tuntuɓe zai guje wa duk batu mai zafi, ko ya riƙa raba maki mai yawa domin a zauna lafiya, duka biyun kuma ɗalibi ne yake cutuwa. Ƙari a kan haka, wuƙar da aka miƙa wa 'yan siyasar da ke mulki yau za ta koma hannun abokan hamayyarsu gobe.

Wace hanya ce ta fi rage matsalar?

Ɓoye suna ita ce ta farko. Jami'o'in Birtaniya da yawa suna duba takardu da lamba maimakon suna, bayan ƙungiyar ɗalibai ta ƙasar ta daɗe tana fafutukar hakan, suna kuma sa malami na biyu ya duba wani kaso na takardun, sannan mai dubawa daga wata jami'a ya tantance. Jami'o'in Nijeriya sun gaji wani ɓangare na wannan tsari, shi ya sa ake rubuta lambar rajista a takardar jarrabawa ake kuma gayyato mai dubawa daga waje don 'yan ajin ƙarshe. A Amurka kuwa malamin da ya koyar shi ne yawanci yake ba da maki shi kaɗai, da sunan ɗalibi a saman takarda.

Sai dai ɓoye suna ba ya ɓoye ra'ayin da ke cikin rubutu, kamar yadda labarin jingar tallafin mai ya nuna. Abin da ya cece ni ranar nan shi ne rubutaccen tsarin rabon maki: kaza na fahimtar tambaya, kaza na ingancin hujja, kaza na amsa hujjar ɓangaren da ka saɓa wa, kaza na tsarin rubutu. Idan aka raba wa ɗalibai wannan tun ranar da aka ba da jinga, malami ya ɗaure kansa, ɗalibi kuma ya sami abin da zai riƙe in zai yi ƙorafi. Akwai wata dabara da nake amfani da ita yanzu, wato in sa kowane ɗalibi ya rubuta mafi ƙarfin hujjar ɓangaren da bai yarda da shi ba kafin ya kawo tasa. Daga nan abin da nake aunawa ya zama iya tunani, wanda ba shi da jam'iyya.

Ɗalibin da yake ganin an zalunce shi me zai yi?

Ya fara da ajiye komai: takardar tambayar, tsarin rabon maki, aikin da ya miƙa da bayanan da malami ya rubuta a kai. Sannan ya je wurin malamin a lokacin ganin ɗalibai ya roƙe shi ya nuna masa inda ya rasa maki, sashe bayan sashe, ba tare da ya buɗe magana da zargi ba, domin sau da yawa a nan ake gano cewa matsalar rashin kafa hujja ce, ko kuma malamin ya ga kuskurensa ya gyara. Idan bai gamsu ba ya rubuta wa shugaban sashe, daga nan zuwa kwamitin ɗaukaka ƙara na tsangaya, ya kuma lura cewa jami'o'i suna sa wa'adi ga irin wannan ƙorafi, wanda yakan ƙare cikin 'yan makonni bayan fitar sakamako.

Kada ya dogara da kotu. A shari'ar da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1985 tsakanin Jami'ar Michigan da wani ɗalibin likitanci da ta sallama, alƙalan sun ce ba za su soke hukuncin ilimi na malamai ba sai an nuna ya kauce wa ƙa'idojin da aka sani kaucewa mai nisa. A Ingila da Wales ma ofishin da ke sauraron ƙorafin ɗalibai ba ya sake auna maki, yana duba ne ko an bi ƙa'ida. Don haka ƙorafin da ya fi samun nasara shi ne wanda ya nuna abu takamaimai, kamar cewa tsarin rabon maki ya ware maki biyar ga kawo majiya, ɗalibi ya kawo majiya huɗu ingantattu, aka ba shi ɗaya, ko kuma bayanin da malami ya rubuta a gefen takarda yana sukar matsayarsa ne maimakon hujjarsa. Abin da zai roƙa a rubuce shi ne a ba wani malamin sashen takardar, an cire suna an cire makin farko, ya sake dubawa.